Ƙishirwar Ladan

Zuwa ga mahaifina, Malam Ladan na Jiratawa, a makwancinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ladabi irin ta 'ya ga ubanta, gwiwa biyu a ƙasa, ina roƙon Allah ya yalwata maka wurin kwanciya, ya haskaka shi. Inna tana nan ƙalau, sai ciwon gwiwar da ka san ta da shi. Zogalen da ka dasa a bakin kanal har yanzu ana yankansa. Ni ce Ramatu, daga Sabon Gari. Wasiƙar taka ce, amma a fili zan ajiye ta, domin na san akwai masu leƙe ta bayan kafaɗata, kuma so nake su leƙa da kyau.

Baba, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saƙon da aka kawo wa Inna shekaranjiya. Alhaji Mamman mai taki, shugaban kwamitin masallacinku, shi ya aiko. Wai sun gina tankin ruwa a ƙofar masallaci, suna neman izinin iyali su rubuta sunanka a jikinsa, ya zama sadaka gare ka. Tankin ruwa, Baba. Da Inna ta faɗa mini a waya sai da na ajiye ɗinkin da ke hannuna na yi dariya, har maƙwabciyata ta leƙo ta ga ko lafiya. Wallahi ban san mutanen nan sun iya barkwanci haka ba.

Shekara ashirin da wani abu kana yi musu kiran salla. Tun masallacin yana na ƙasa, ba lasifika, kana hawa ɗan tudun nan ka sa yatsu a kunne, mutanen da ke can cikin fadama su ji ka su ajiye fartanya. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tarar lokaci ya shiga ba ka nan. Ina tuna musu ne kawai, don na ga kawunansu ba sa riƙe abu.

Sai ƙishirwa ta zo maka. Da farko mun ɗauka zafin bazara ne. Ka sha moɗa biyu, kafin ka kai ƙofar gida ka dawo ka sake sha. Ka sayi bido, wato jarka, rawaya mai lita biyar, ka ɗaura masa igiya, duk inda za ka yana rataye a kafaɗarka, kuma kafin azahar ka cika shi sau biyu. Yadda ruwan ya shiga haka yake fita. Alwala ba ta zama a jikinka, kai da kake kai wa isha'i da alwalar magariba. Na ga yadda abin yake ci maka rai, ko da yake ba ka faɗa ba.

Muka kawo ka Maradi aka yi awon jini da na fitsari, aka ce babu suga. Mu muka yi hamdala. Ashe da wannan takardar aka yanke maka hukunci. Ka san a garinmu cuta biyu ce kawai ke da lasisin shan ruwa da azumi, suga da olsa. Mai ɗayansu ko a bakin hanya ya kafa kai a randa, sannu za a yi masa. Wanda Allah ya jarrabe shi da wata cuta ta uku kuwa, wadda likitocin bakin masallaci ba su taɓa jin sunanta ba, shi ƙarya yake yi.

Azumin shekarar ka ɗauka kamar kowa. Ranar farko kafin rana ta take aka tsince ka kwance tsakanin kunyoyin albasa, harshenka ya bushe, ba ka gane mutane. Kashegari ka sake gwadawa, aka sake ɗauko ka. Wani malami a nan Maradi ya gaya maka Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, ka sha ka ciyar. Ka bi, amma kunya ta sa ba ka sha a gida gaban jikoki. Sai ka shige cikin zogale ka juya baya. A nan Alhaji Mamman ya gan ka ranar da ya zo duba gonarsa. Bai yi maka sallama ba, bai tambaye ka ba. Ya hau babur ya kai labari da zafinsa, kafin la'asar duk Jiratawa ta ji. Maganarsa har yau tana kunnena yadda aka kawo mana ita: “Ba shi da suga, ba shi da olsa, to mi ya hana shi azumi?” Mutumin da buhun taki kawai ya iya aunawa, shi ne ya auna jininka daga kan babur.

Bayan shekara biyu ƙafafu suka fara. Ciwo a ƙwauri da gwiwa, sannan tafiya ta soma karkata. Kana buɗe ƙafa kana dafa bango. Harshe ya yi nauyi. Kiran salla da ke fita sumul ya koma yana ja, wata kalma ta maƙale sai ka sake ta, lasifika kuwa ba ta rufa wa kowa asiri. Wasu 'yan tabo masu rawaya suka fito maka a fatar ido. Duk mai hankali da ya dube ka ya san ciwo ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma su sun daɗe suna jiran tsagar.

Suka haɗa lissafinsu. Mutum ba ya azumi, yana tangaɗi, harshensa na karyewa, yana yawo da bido, kuma duk mako yana zuwa Tsibiri gidan Kirista. Shi ke nan, bincike ya kammala. Ba su taɓa furta sunan abin ba, don su masu tsarkin baki ne. Sai dai “abin nan”. Ladan na shan abin nan.

Kai ka san Baba Yohanna, Kiristan nan na Tsibiri, amma bari in gaya wa masu leƙe. Abokinka ne tun kuna samari, tsohon mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, dattijon cocinsu. A cocin nasu ko sigari aka ga mutum da ita sai an zaunar da shi, balle giya. Na sha zuwa gidan tare da kai. Abin da ya fi ƙarfi a cikinsa shi ne kunun tsamiyar matarsa, shi ma in ta manta sukari. Kuna zama ƙarƙashin itacen bedi kuna gardamar irin albasa da ruwan bana. Masu zarginka shekara nawa suna saye da sayarwa da mutanen Tsibiri, amma ba su taɓa sanin wannan ba, domin jahilcin da mutum ke jin daɗinsa ba ya son a taɓa masa shi.

Yadda suka sauke ka ma abin a rubuta ne. Wata la'asar ka je, ka tarar an sa sabon kwaɗo a akwatin lasifika. Kana tsaye kana jujjuya tsohon makullinka sai ka ji muryar wani ta tashi a kanka. Manyan mutane masu gemu da tabon salla, a cikinsu aka rasa namiji ɗaya da zai dube ka ya ce Malam, mun sauke ka. Kwaɗo suka wakilta. Ka yi sallarka a sahun baya, ka dawo gida, ka miƙa wa Inna makullin ka ce ta ajiye a cikin kwalla. Yana nan har yau.

Baba Yohanna ne ya ce wannan zaman ba zai yiwu ba. Ya zo da kansa ya ɗauke ka zuwa Maradi, aka sa ka a sikana, injin ɗaukar hoton cikin kai. Likitan ya ce ya ga wani abu amma bai ƙoshi ba, sai an je Yamai an yi hoton ƙwaƙwalwa da babban injin. Mu uku muka shiga mota, kai a tsakiya, bidonka a kan cinya. Duk tsayawar da direba ya yi sai ka sauka, inda bai yi niyyar tsayawa ba ma Baba Yohanna ya roƙe shi. Dattijon da ake cewa yana ɗura maka giya, shi ne yake riƙe da hannunka yana kai ka bayan itace.

Aka kwantar da kai aka tura ka cikin wani rami fari. Da ka fito ka ce ƙararsa ta fi ta injin niƙa, kuma ka samu ka karanta abin da ya sawwaƙa a ciki. Kashegari likitan ya manna hotunan a wani allo mai haske, baƙaƙe da fari, layi-layi. Bazabarme ne amma Hausarsa ta fita. Ya nuna wani ɗan zare a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ya ce ta nan jiki ke ba ƙoda umarnin ta riƙe ruwa. Naka ya kumbura ya yi kauri, umarnin ba ya wucewa. Kai da ka yi rayuwarka kana buɗe ruwa kana rufewa a fadama, nan take ka gane. Ka ce, “Ashe ƙohwar kanal ce ta ɓaci, ruwa na ta wucewa gona ba ta sha.” Likitan ya yi murmushi ya ce ko shi bai iya faɗa haka ba.

Sannan ya sauko da yatsa wajen ƙeya, ya nuna wasu fararen tabo dama da hagu. Ya ce nan ne ke daidaita tafiya da harshe. Ya yi mana bayani a hankali. A cikin jinin kowa akwai wasu ƙwayoyi masu gadin jiki, aikinsu su cinye datti su kashe cuta. Naka ne suka yi yawa ba dalili, suka bar aikinsu suka je suka tare a inda ba a kira su ba, a ƙashin ƙafa, a fatar ido, a ƙwaƙwalwa. Aka yi hoton ƙafafun aka ga haka ne. Aka yanki ɗan tabon idon aka aika awo, bayan makonni sakamako ya tabbatar. Sunan cutar na rubuta shi a bayan ambulan ɗin hoton, har yau ba na iya faɗarsa daidai. Likitan ya ce a littafi ya san ta, kai ne na farko da ya gani da idonsa.

A ɗakin nan ka yi tambayar da ta sa na so ƙasa ta tsage in shige. Ka ce, “Lokotoro, wanga hoto na nuna in mutum na shan abin nan?” Ina jin ya gane daga inda muka fito. Ya ce wannan zaren da ya kumbura, da ƙashin, da tabon fatar, babu ɗaya da giya ke yi. Ka ce ya rubuta. Ya rubuta da Faransanci ya buga hatimi.

Ya ba ka wani ɗan magani na fesawa a hanci. Baba, shekara huɗu kana fama, rana ɗaya ƙishirwar ta kwanta. Ina tuna ka zaune a masaukinmu, ka yi azahar, ka zauna, aka kira la'asar ka tashi ka yi da alwalar nan. Kana ta kallon bidon a gefe cike, kamar baƙon da ka rasa inda ka san shi. Maganin asalin cutar kuwa likita bai ɓoye mana ba, ba a kusa yake ba, kuma abin da ya riga ya taɓu a ƙeya da wuya ya dawo. Kai ba wannan ya dame ka ba. Ambulan ɗin kake ta shafawa a mota har muka iso.

Kwana biyu da dawowarmu ka sa farar rigarka ta Juma'a, ka ɗauki sanda da ambulan, ka nufi masallaci da la'asar. Na bi ka daga nesa na tsaya a zauren maƙwabta. Da aka sallame ka fito da hoton ka ɗaga shi ga rana, kana nuna musu ƙofar kanal ɗinka da harshen da ba ya bin umarninka. Alhaji Mamman ya karɓa ya riƙe shi a kife, ƙeyarka a sama, ya ƙanƙance ido kamar mai duba jabun kuɗi. Ya miƙo maka ya ce, “Mu ba mu yi lakwal ba. Kuma ai an ce abin nan ma na cin ƙwaƙwalwa.” Ka fito da takardar likita. Akwai mushe a sahun, wanda ke karanta musu takardun koperatif ɗin manoma kullum ba a roƙe shi ba. Ranar ya lalubi aljihu ya ce ya manta tabarau. Liman kuwa ya duƙufa a kan carbinsa, ban taɓa ganin tasbihin da aka ja da himma irin na ranar ba.

Ka mayar da hoton cikin ambulan a hankali, don yatsun ba sa saurin samun bakin. Ba wanda ya taya ka. Daga masallaci zuwa gida taku kaɗan ne, amma sai da ka huta sau biyu. Ni na riga ka shiga ina kuka ina zagi, ka ce, “Bar su, Ramatu. Wanda nike yi ma kira ya san mi ke cikin bidona.”

Wata bakwai ka ƙara. Ƙafa ta ƙi, haɗiya ta yi wuya, magana ta koma sai Inna kaɗai ke ganewa. A cikin Sha'aban ka tafi, ba ka riski azumin da kake ta ɗokin gwadawa da maganin hancin ba.

Sai ga su. Ranar jana'izarka Alhaji Mamman har ture mutane yake don ya kama makara ta gaba. A zaman makoki muna ciki muna jin su ta katanga, kowa na ba da shaida: “Mutumin kirki ne, ba mu san shi da komi ba sai alheri.” Mushen ya samo tabarau, har da hawaye a bayansu. Matansu suka shigo da kwanonin fura suna cewa ai su dama sun san ciwo ne. Baba Yohanna yana can gefe a tsugune a gindin bedi tun safe, ba wanda ya miƙa masa tabarma sai da Inna ta aika. Yabon da aka hana ka kana da kunnen ji, ranar aka zuba shi har ya yi ambaliya. Ihu bayan hari ke nan, kuma ko kunya ba su ji ba.

Yanzu kuma tanki. Za a shafa fenti, a rubuta sunanka da manyan baƙaƙe, kowa ya wanke hannunsa a ciki. Ban ga wanda ya zo ya durƙusa gaban Inna ya ce mun yi wa mijinki ƙazafi ba. Siminti ya fi wannan sauƙi.

Baba, na yi ta zuba tun ɗazu, kuma na san da kana kusa da ka ce in sassauta. Akwai abin da nake ta kewayewa. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni ma ina kan nawa tudun.

Kafin tafiyarmu Yamai ne. Maganar ta riga ta iso Sabon Gari, dangin mijina suna yi mini tambaya da gefen baki, a gidan biki ana yin shiru in na shigo. Na zo Jiratawa da hantsi raina a jagule. Na tarar da bidonka a zaure, kai kana bayan gida. Na duba dama da hagu, na buɗe murfin, na kai hancina. Da na ɗago kana tsaye a bakin ƙofa, ka dafa bango. Ban san tun yaushe kake nan ba. Ka ce, “Sha, ɗiyata, ruwa ne.” Ban sha ba. Na rufe na ce dubawa nake ko yana son wanki. Ka ce, “To, a wanke.”

Ba ka sake tayar da maganar ba, ko ga Inna. Ni ma na binne ta, na ci gaba da zagin mutanen masallaci da ƙarfi fiye da kowa. Amma a ɗakin likitan nan, lokacin da ya ce babu ɗaya da giya ke yi, ba Baba Yohanna ka duba ba, ba hoton ka duba ba. Ni ka juyo ka duba. Ba da fushi ba, da murna, kamar ka kawo mini tsaraba. A nan na gane ba don Alhaji Mamman ka yi tambayar ba. Su maƙwabta ne, ƙazafinsu ka iya ɗauka. Ni kai ka goya ni a kafaɗa zuwa fadama, kai ka koya mini Fatiha, kuma sai da inji ya leƙa cikin kanka kafin in yarda da kai. Wata bakwai ina zuwa ina yi maka wanki ina ba ka kunu a cokali, kullum in ce yau zan roƙi gafara, kullum in dawo da ita a bakina. Ina jin kunyar wannan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ga amsar da na ce Inna ta mayar musu. Su rubuta sunanka in suna so, da sharaɗi ɗaya: famfon tankin ba za a sa masa kwaɗo da rana a cikin azumi ba, kuma duk wanda aka ga yana sha ba za a tambaye shi takardar suga ba. Sun ce sai kwamiti ya zauna. To, Allah ya ba su wurin zama.

Hoton yana wurina, a ambulan ɗinsa. Wani lokaci nakan ɗaga shi a taga in nemi ɗan zaren nan, yanzu na iya samo shi da kaina. Bidon ma ni na ɗauko. Saura kwana tara azumi, kuma na yi niyyar kullum in cika shi in ajiye a zaurenmu da moɗa, ƙofa a buɗe, mai lalura ya shigo ya sha ya tafi ba wanda ya dube shi. Yau da safe na wanke shi kamar yadda ka ce, na cika, na zauna a ƙasa na kafa kai, ba tare da na shinshina ba. Na sha, Baba. Ruwa ne. Ka yafe mini.

Ya Allah, ga bawanka da ya kira mutane zuwa gare ka har harshensa ya gaza. Ka gafarta masa, ka sa ciwonsa ya zama kaffara, ka wanke sunansa a ranar da babu mai ɓoye tabarau. Ka saka wa abokinsa da alheri, ka ba Inna haƙuri. Ka shayar da shi daga Alkausara, shan da babu sauran ƙishirwa bayansa. Amin.

Wassalam.

Ɗiyarka mai neman afuwarka,
Ramatu
Sabon Gari, Maradi